Buta Biyar a Alwala Ɗaya: Ciwon Waswasin Wani Tela a Kano da Yadda Aka Yi Maganinsa

Mai ruwa ne ya fara lura, kafin kowa a cikinmu. Wata safiya cikin hunturu ya tsayar da kurarsa a ƙofar gidan yayata, yana sauke jarkoki yana tambayarta ko an yi baƙi ne, don a da jarka huɗu na kwana da su, yanzu bakwai ba ta kai su la'asar. Babu wani baƙo. Su uku ne a gidan: ita, da 'yarta budurwa, da autanta. Auta muke kiransa a gida, haka zan kira shi a nan, kuma da yardarsa nake wannan rubutu. Shekararsa 22 a lokacin, tela ne, yana ɗinki a shagon maigidansa a cikin gari.

Ni kawunsa ne, kuma ma'aikacin jinya ne. Na ambaci sana'ata ne don kada wani ya ɗauka ta taimaka mini na gane da wuri. Na fi wata takwas ina cikin masu ƙara wa ciwon ƙarfi, ina ganin taimako nake yi.

Ranar wata Asabar na je gidan daf da azahar, Yaya ta ce in zauna in gani da idona. Na zauna a kan benci a tsakar gida. Auta ya fito, ya ɗauki buta, ya fara da wanke butar kanta, wai bai san wanda ya riƙe ta kafin shi ba. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa, ya wanke fuska. Da ya zo gwiwar hannun hagu sai ya tsaya, ya juya hannun ga hasken rana yana neman lam'a. Ya ƙara ruwa. Ya sake dubawa. Sai ya koma kan wanke hannu tun daga farko, saboda a ganinsa tsayuwar da ya yi yana dubawa ta yanke masa alwalar. Yana buta ta uku aka tayar da iƙama a masallacin ƙofar gida. Yana ta biyar liman ya sallame. Na duba agogo, minti 47. Da ya miƙe na kama hannunsa na duba: bayan hannun ya yi fari ya tsattsage, gaɓoɓin yatsu na tsatsar jini, tsakanin yatsun ƙafa kuwa ruwa ya ci kamar na mai wankau.

Sallar ma ba ta zo da sauƙi ba. Daga cikin ɗaki muna jin sa: "Allahu ak... Allahu ak..." Ya ɗaga hannu ya sauke, ya ɗaga ya sauke, yana shakkar ko niyyar ta zo daidai da kabbarar. Idan ya samu ya shiga, a raka'a ta biyu sai ya ji kamar iska ta fita. Sai ya sallame, ya koma wajen buta.

A shago kuma wani salon abin ya ɗauka. Maigidansa ya gaya mini yaron da a da yake yanka kaftani uku kafin azahar ya koma sai ya auna mutum sau huɗu, ya rubuta, ya sake aunawa, da dare ya buga wa mai kaya waya yana tambayarsa tsawon hannu. Ya ce ya taɓa ganinsa riƙe da almakashi a kan shaddar wani ango, ya zana alli, ya goge, ya sake zanawa, har aka kira magariba bai yanka ba. Da ɗinkin sallah ya zo, sai aka mayar da shi kan guga da sa maɓalli.

Duk wannan shi ne abin da ido ke gani. Wanda ya fi cin sa kuwa ya ɓoye shi shekara biyu, sai wani dare da na ɗauke shi a babur muka tsaya wajen mai shayi. Bai taɓa shayin ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Kawu, ni fa ina jin na daɗe da fita daga Musulunci." Ya ce idan ya tsaya salla wasu kalmomi na ɓatanci ga Ubangiji kan faɗo masa a zuciya, kalmomin da gara a yanke masa harshe da ya furta su. Duk sanda suka zo sai ya maimaita kalmar shahada, wani lokaci har sau ɗari, wani lokaci sai ya tashi ya yi wanka. Ya ce ya san abin ba shi da kan gado, ya san alwalarsa ta farko ta yi, amma sanin ba ya hana shi komawa.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta tuna mini wani darasi da aka yi mana a makarantar jinya, wanda na haddace don jarrabawa na watsar.

Da muka bi tarihin daga baya, abin ya faro ne yana ɗan shekara 17, 'yan watanni bayan rasuwar mahaifinsa. Da fari yabo ya jawo masa. Tsofaffin unguwa na cewa yaron nan akwai tsoron Allah, dubi yadda yake kyautata alwala. Da ya wuce misali sai magana ta juya: masu cewa jifa ne, masu cewa shafar aljanu ce. An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi, an kai shi ruƙiyya wajen mutum uku. Wani mai kemis ya ba shi ƙwayar barci, ya yi mako biyu yana layi da rana, alwalar kuma tana nan yadda take. Yaya ta sayar da tunkiyarta a kan wannan fafutuka.

Amma abin da ya fi kowane tasiri, mu muka yi shi a gida kyauta. Yaya ta koma mai shaidar alwala: tana tsaye a kansa, idan ya wanke hannu ya ɗago ya dube ta, ta ce "ya yi." Yayarsa na sake wanke masa kayan da aka riga aka wanke, don wai inuwar bokitin bayan gida ta faɗa kansu, ko wani yaro ya taɓa igiyar shanya. An ware masa butarsa da dardumarsa, ba mai taɓawa. Ni kuma nawa rabon a WhatsApp yake. Ƙarfe ɗayan dare saƙo zai shigo: "Kawu, idan ruwan kwata ya fallatso wa mutum amma bai gani ba, yaya?" Sai in amsa masa da haƙuri da hujja. Ya yi godiya. Bayan minti goma sai ga wani: "To idan ya ji sanyi a ƙafar fa?" Na taɓa ƙirga saƙo 31 a dare ɗaya, kuma duk na amsa.

Likitoci na kiran wannan ciwo OCD, taƙaitaccen sunansa na Turanci. Ni a nan zan ce ciwon waswasi, tunda ita ce kalmar da mutanenmu suka sani, ko da yake ba a harkar ibada kaɗai yake tsayawa ba. Akwai mai duba ƙofa sau ashirin kafin ya kwanta, akwai mai tsoron ƙwayoyin cuta, akwai mai jego da ke tsoron za ta cutar da jaririnta har ta ɓoye wuƙaƙen gida, akwai magidancin da kullum yake shakkar ko ya saki matarsa a zuci. Ƙafa biyu ciwon ke tafiya da su. Ta farko tunani ne ko hoto ko shakka da ke kutso kai ba a gayyace shi ba, ya zo da tsoro ko ƙyama. Ta biyu kuma aikin da mutum ke yi don ya sauke wannan tsoron: wanki, dubawa, ƙirge, maimaita addu'a a zuci, ko tambayar wani. Aikin na kawo sauƙi na ɗan lokaci, a nan tarkon yake. Ƙwaƙwalwa sai ta koyi cewa wankin ne ya tsirar da kai, gobe ta nemi fiye da na yau. Kamar ƙazuwa ce: susa da daɗi, kuma ita ke yaɗa ta. Amsoshina 31 susa ce, "ya yi" ɗin Yaya ma susa ce.

Mugun tunanin kansa kusan kowa na samunsa. A 1978 wasu masu bincike biyu, Rachman da de Silva, sun tambayi mutanen da ba su da wani ciwo, suka tarar wajen takwas cikin goma na samun irin waɗannan tunane-tunane marasa daɗi, kuma abin da tunanin ke ƙunshe da shi bai bambanta sosai da na marasa lafiya ba. Lafiyayye sai ya ce a'uzu billahi ya ci gaba da harkarsa. Mai ciwon kuwa sai ya tsaya ya tambayi kansa me zuwan tunanin ke nufi game da shi, ya shiga kokawa da shi, kokawar ta ƙara dawo da shi. Kuma ciwon ya fi zuwa ta inda mutum ya fi ji da shi. Wanda salla ba ta dame shi ba, ba ya kwana yana kuka a kan niyya.

Wajen mutum biyu cikin ɗari ne ke gamuwa da shi a tsawon rayuwa, galibi yana farawa daga ƙuruciya zuwa farkon shekaru ashirin. Yana bin jini. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya barci sai ya tashi sau uku ko huɗu ya girgiza sakatar zaure, muna yara muna yi masa dariya a ɓoye. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna wata hanya da ta haɗa gaban ƙwaƙwalwa, daidai saman idanu, da wasu sassa na can ciki, tana aiki fiye da kima ga masu ciwon. Aikin wannan hanya shi ne ta ce maka "akwai matsala", ta yi shiru idan ka gyara. Ga Auta shirun ne ba ya zuwa. Kuma abin ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci: Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya ware babi guda a littafinsa na kula da jiki da rai a kan waswasin ƙirji da zancen zuci, ya lissafa shi cikin abubuwan da ake yi wa magani.

Kai shi asibiti ya ɗauke mu mako uku ana ja-in-ja. Da na ce likitan ƙwaƙwalwa, Yaya ta dafe ƙirji. "Dawanau za ka kai mini ɗa? Wa zai ba shi mata?" Kowa a Kano ya san yadda sunan garin nan ya zama abin zolaya a bakin yara, alhali asibiti ne kamar kowane. Har zuwa farkon 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙasar nan na aiki ne da dokar mahaukata ta 1958, don haka ban ga laifin tsohuwa ba idan ba ta san wani ciwon ƙwaƙwalwa ba sai hauka. Akwai likitocin wannan fanni a Dawanau, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Muka yanki kati a inda ya fi mana sauƙi, aka ba mu rana.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta fi awa ɗaya da shi, rabin lokacin ta fitar da ni waje. Abin da ta fara tantancewa shi ne ko yana jin murya daga waje tana yi masa magana, ko yana ganin wani ne ke sa masa tunanin. Ya ce a'a, daga cikin kansa yake, kuma ya tsane shi. Wannan ya raba shi da masu ciwon da ke gusar da hankali. Ta tambayi awa nawa abin ke ci masa a rana, don ƙa'idar ita ce idan ya haura awa ɗaya ko ya hana mutum harkokinsa, ya zama ciwo. Suka lissafa tare, ya kusa awa shida. Ta yi masa tambayoyi goma na wani ma'auni da aka fitar a 1989, mai ɗauke da sunan jami'o'in Yale da Brown na Amurka, wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 40. Ya samu 29, wato mai tsanani. Ta kuma tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Ya ce bai taɓa shiryawa ba, amma sau da yawa yana fatan ya kwanta kada ya farka. Ni da nake amsa masa saƙo kullum ban taɓa yi masa wannan tambayar ba. Ciwon damuwa mai tsanani na yawan raka ciwon waswasi, shi ma ya same shi, ko da yake bai yi nisa ba.

Ta ɗora shi a kan fuloksetin, ɗaya daga cikin magungunan da ke aiki a kan wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin. Akwai 'yan uwansa irin su satralin, akwai kuma tsohon magani kilomifiramin da ake komawa gare shi idan waɗannan ba su yi ba. Ta fara da miligiram 20 da safe, ta ce za a riƙa ƙarawa a hankali, don wannan ciwo na buƙatar adadi fiye da na ciwon damuwa. Ta gargaɗe mu kada mu yanke hukunci kafin mako 8 zuwa 12, kuma kusan rabin masu sha ne ke samun sauƙi na a zo a gani da maganin farko. Ta ce in sa masa ido a makonnin farko, saboda ga 'yan ƙasa da shekara 25 irin wannan magani kan iya tayar da tunanin cutar da kai kafin ya zauna. Ya yi kwana goma yana tashin zuciya da rashin barci, daga nan ya lafa. A wata na biyu aka kai shi miligiram 60.

Sai ta tura mu wajen masanin halayyar ɗan Adam, don magani na biyu, wanda ba a haɗiya. Wani masani a Landan mai suna Victor Meyer ne ya fara bayyana shi a 1966, kuma har yau shi ne kan gaba. Hanyar ita ce a sa mutum ya tunkari abin da ke tayar masa da shakka da gangan, sannan ya ƙi yin aikin da ya saba yi don samun sauƙi. Tsoron zai hau, ya kai ƙololuwa, ya sauko da kansa ba tare da an wanke komai ba. Idan aka maimaita, ƙwaƙwalwa ta koyi sabon darasi.

Auta ya saurara har ƙarshe, ya ce ba zai yi ba. "So kuke in yi salla ba alwala." A nan muka tsaya cak, kuma da a nan maganin ya mutu, ba don masanin ya tambaye shi wane malami ya yarda da shi ba.

Tsohon malamin zaure ne da ya biya masa Ahalari yana yaro. Muka je bayan la'asar, muka jira ɗalibai suka watse. Na yi bayani, Auta na gefe yana murza yatsu. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ku kuka karantar da mu cewa wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye, wajibi ne ya sake." Malam ya ce haka ne, haka mazhabar Malikiyya ta tafi. Ya sa aka miƙo masa littafin, ya buɗe, ya miƙa wa Auta ya ce ya karanta layin har ƙarshensa. Ƙarshen layin cewa ya yi: sai dai idan mai waswasi ne, to babu komai a kansa. Malam ya ce, "Ka ɗauki rabin layi ka bar rabi. Rabin da ka bari kuwa da kai yake magana." Ya buɗe babin rafkanuwa ya nuna masa inda aka ce mai waswasi ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi sujjada bayan sallama kawai. Ya kawo hadisin mutumin da aka kai kukansa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa yana jin kamar wani abu ya fita a cikin salla, aka ce kada ya fita sai ya ji ƙara ko wari. Ya tuna masa cewa wanki uku ne iyaka, wanda ya ƙara ya saɓa.

Maganar ɓatancin Auta bai iya faɗa ba, ni na faɗa a madadinsa. Malam bai ko ɗaga gira ba. Ya ce sahabbai sun je da irin wannan kuka, cewa suna jin abin da ba za su iya furtawa ba, aka ce musu wannan ƙin da suke yi masa shi ne tsantsar imani. Auta ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Da labari ne na ƙirƙira, a nan zai warke. Bayan kwana uku ya koma zauren yana son Malam ya sake faɗa masa, ya kuma tabbatar masa cewa shi ɗin mai waswasi ne da gaske, kada ya zama yana fakewa da rangwamen da ba nasa ba. Ciwon ya mayar da fatawar kanta abin susa. Masanin ya riga ya faɗa mana haka za ta faru, mun kuma isar wa Malam. Ya ce masa, "Na ba ka amsa ranar Talata, ba ta canza ba, kuma ba zan sake ba. Tashi ka tafi shago." A ganina wannan korar ta yi aiki daidai da karatun da ya gabace ta. Fatawa ta ba shi izinin yin maganin, amma ba ta ɗauke masa wahalar yinsa ba.

Suka rubuta tsani shi da masanin, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya, kowanne da makin tsoro daga 0 zuwa 10. A ƙasa akwai amfani da butar kowa ba tare da wanke ta ba. A tsakiya akwai auna mai kaya sau biyu a yanka. A sama akwai alwala da buta ɗaya, wanki uku uku, ba waiwaye, da kabbara ɗaya ko niyya ta zauna ko ba ta zauna ba. Can ƙoli kuma, idan mugun tunani ya zo a bar shi ya zauna, ba shahada ɗari, ba wanka. Ba a taɓa sa shi ya aikata haram ko ya furta saɓo ba. Abin da aka nema kawai ya tsaya inda shari'a ta tsaya.

Ina wurin ranar da ya fara alwalar buta ɗaya. Minti huɗu ya gama, ya miƙe yana rawar jiki, gumi na keto masa cikin sanyi. Na ce nawa? Ya ce tara. Ya shiga sahu a haka, yana jin kamar ba shi da tsarki. Bayan sallama na sake tambaya, ya ce bakwai. Muka zauna a dakalin ƙofar gida muna kallon yara na buga ƙwallo, ba mai cewa komai. Bayan kamar rabin awa ya ce huɗu, da mamaki a fuskarsa. Washegari daga takwas ya fara. Akwai ranakun da ya faɗi ya koma buta uku, ya rubuta a littafinsa, gobe ya sake gwadawa.

Wadda ta fi shan wuya Yaya ce. An koya mata jimla ɗaya: "Mun yi da likita ba zan amsa wannan ba." Daren farko ya bi ta har ɗaki yana roƙo, "Umma, kalma ɗaya kawai, ya yi ko bai yi ba?" Ta kira ni tana kuka, ta ce ita ba ta iya wannan rashin imani ba, ɗanta na neman abu a bakinta ta hana shi. Sau biyu ta karya alkawari a makon farko. Ba a yanke komai rana ɗaya ba: an fara da daina sake wanki, sai haɗa butoci, sai shaidar alwala daga ƙarshe. Ni ma na daina amsa saƙon dare, sai da safe in rubuta masa, "Na gani. Yaya tsani?" Ya yi fushi da ni na kwana biyar.

Zama 14 suka yi, mako biyu biyu saboda layi da kuɗin mota. A wata na biyar makinsa ya sauko daga 29 zuwa 13. Likitoci na ɗaukar raguwar kashi 35 cikin ɗari a matsayin magani ya karɓa, nasa ya haura rabi. Hannu ya warke. Maigidansa ya mayar masa da almakashi. Da azumi ya zo aka mayar da ƙwayar lokacin sahur.

Sai ya daina sha bai gaya wa kowa ba. Wani abokinsa a shago ya ga kwalin ya ce ashe shi ma ɗan ƙwaya ne. A garin da kodin da tiramol suka lalata samari da yawa, wannan kalma na da nauyi. Ga tsadar maganin, ga shi yana jin ya warke. Fuloksetin ba ya bugarwa, ba ya sa mutum neman ƙari, amma yana daɗewa kafin ya fita daga jiki, don haka makonnin farko bai ji komai ba, ya ƙara tabbata ya rabu da ciwon. A mako na bakwai yayarsa ta ga ya ware buta. Ba alwala ya fi kamawa ba a wannan karon, sai shakkar ko ya bar dutsen guga a kunne. Sau biyu yana tashi cikin dare ya tafi shago a ƙafa ya leƙa ta ƙasan ƙofa.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ana so a ci gaba da sha aƙalla shekara guda bayan samun sauƙi, sau da yawa fiye, kuma idan za a daina a hankali ake ragewa tare da likita. Aka koma kan magani. Abin da ya bambanta da karon farko shi ne shi da kansa ya ɗauko littafin ya rubuta sabon tsani: a kashe dutsen guga, a duba sau ɗaya, a rufe shago, a ba maigida mukulli. Cikin mako shida ya dawo inda yake kafin ya daina maganin.

Yanzu shekara biyu ke nan da zuwanmu asibiti na farko. Yana shan magani, yana ganin likita bayan wata uku uku, kuma an fara maganar ragewa bayan sallar layya idan abubuwa suka ci gaba a haka. Tunanin na zuwa har yanzu, ya ce musamman idan ya gaji ko aiki ya yi yawa. Alwalarsa ta fi tawa tsawo kaɗan, yana samun jam'i. Mai ruwa ya koma jarka huɗu. Shi ya ɗinka mini kaftanin da na sa ranar ɗaurin auren yayarsa: ya auna ni sau biyu, na ga hannunsa ya koma kan tef ɗin zai yi na uku, sai ya naɗe shi ya rataya a wuya. Makon jiya da na tashi da asuba na ga saƙonsa ya shigo ƙarfe ɗaya da minti goma na dare, a ƙasa an rubuta an goge wannan saƙo. Da muka haɗu a masallacin Juma'a ban tambaye shi ba, shi ma bai ɗauko maganar ba, muka yi ta cinikin yadin da zai saya mini a Kantin Kwari.